Jandarma Biyu, Gawa Ɗaya, Soyayya Ɗaya: Shin Zai Yiwu a Gazawa?

Ƴan uwa, a hutun da ya wuce na karanta littattafai uku na Harlequin, jerin nan da ake kira Black Rose, fassarar Faransanci. Duk zubinsu ɗaya ne: ƙaramin gari a kudancin Amurka, an tsinci gawa, an haɗa ɗan sanda da ƴar sanda su yi bincike. Da fari ba su jituwa, kafin a kai shafi na ƙarshe an kama mai laifi, an kuma sa ranar aure. Wallahi sun riƙe ni har asuba. Amma da na gama sai na ga inda sunka yi mani wayo.

Marubutan sun san cewa a ƙaramin gari kowa ya san kowa, amma sai su yi kamar ba wanda ya san mai kisan. To, mu da muka tashi tsakanin Agye, Gazawa da Gidan Rumji mun san ba haka ba ne. In aka kore shanun wani, sau da yawa rabin gari sun san hanyar da aka bi. Abin da ke da wuya shi ne a samu mai faɗi, tunda wanda ake zargi surukin wani ne ko ɗan ƙanwar mai gari. Tun 2019 da ƴan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara sunka fara kwararowa yankin Gidan Rumji, shiru ya ƙara tsada. Labarin bincike na gaskiya a nan, labarin wannan shirun ne.

Na biyu, harshe. A littattafan nan mai tambaya da mai amsa yarensu ɗaya. A wurinmu tsoho zai yi bayani da Hausa, jandarma ya rubuta da Faransanci, a ce ya dangwala yatsa a takardar da ba ya iya karantawa. Wa ya san abin da ya zube tsakani? Kuma karin harshe kansa shaida ne: mai cewa "sunka tahi" ba daga Kano ya fito ba, mai cewa "suka tafi" kuwa a tambaye shi inda ya zauna.

Soyayyar ma da sauran magana. Namiji da mace cikin mota ɗaya kan hanyar Tasawa da dare? Kafin su isa, labari ya riga su zuwa wurin iyayenta. Wannan tarnaƙin ya fi duk gardamar ƙarya da Turawan ke ƙirƙira don su jinkirta auren.

Ba daga sifili za mu fara ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya taɓo fasa-ƙwauri da cin hanci tun 1982, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya nuna mana yadda soyayya ke karo da dangi. Abin da ya rage shi ne a haɗa biyun a garin da muka sani.

Don haka, wanda zai kawo labari a fitowa ta gaba, kar ya ɗauko sherif ya sa mashi rawani. Ya fara da mai shayi na tasha, wanda ya ga komai, kuma yake da dalilin yin shiru.