Baƙo na Maigida, Hayaƙi na Uwargida

A watan Disamba na shekarar 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya yada zango a Gure, a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram. Littafinsa ya riƙe sunan Muniyoma Koso, ya kuma siffanta garin da duwatsunsa. Amma wadda ta surfa hatsi, ta ɗebo ruwa, ta tuƙa abin da ayarin ya ci, tarihi bai ajiye mata ko harafi ɗaya ba. Haka saukar baƙi take tun fil'azal: yabo na maigida ne, hayaƙin murhu na uwargida.

Ba a fada kaɗai abin ya tsaya ba. Fatauci kansa a kan wannan tsari ya ginu. Abner Cohen, a nazarin da ya wallafa a 1969 kan Hausawan unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda maigida ke saukar da fataken shanu da na goro, ya tsaya musu a ciniki, ana biyan la'ada, alhali abincin da ke riƙe baƙon a gidan daga hannun mata yake fitowa. Wato masauki sana'a ce tsohuwa a wurin Bahaushe, kuma mata ne ginshiƙinta, sai dai ba da sunansu ake kiran gidan ba.

Abin da ake kira yawon buɗe ido na al'adu bai gyara wannan rabo ba, ado kawai ya ƙara masa. Duk wanda ya halarci bikin shan gishiri na Ingal, ko makon al'adu na wani gari, ya san fasalin: rumfa, kujerun manya, jawabai, sannan a fito da ƴan mata cikin kitso da lalle su yi rawa, a ɗauki hoto, a watse. Kuɗin baƙo kuwa ya riga ya tafi ga mai mota, da ɗan jagora, da otel. Bajekolin SAFEM da ake yi a Yamai tun farkon shekarun 2000 ya fi wannan adalci, domin mace ce ke sayar da aikin hannunta ta ƙirga kuɗinta. Duk da haka tabarma da faifai ne ke tafiya birni; gidan da aka saƙa su, da hirar da aka yi ana saƙar, suna nan inda aka bar su.

A nan ne misalin wasu matan Afirka ta Kudu ya cancanci dubawa. Langa da Khayelitsha unguwanni ne da aka keɓe wa baƙar fata a gefen birnin Cape Town, ta farko a 1927, ta biyu a 1983, kuma akasarin mazaunansu Xhosa suke ji. Bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, kamfanoni suka shiga kawo Turawa cikin manyan motoci, a zaga da su suna leƙen gidajen kwano ta taga, kamar masu kallon namun daji. Wajen ƙarshen shekarun 1990 wasu mata suka buɗe ɗakunansu suka ce wa baƙo ya sauko ya kwana. Haka aka sami gidaje irin su Kopanong da Vicky's B&B a Khayelitsha. Baƙo ya ci dafaffiyar masara da wake da suke kira umngqusho, ya zaga unguwa da ƙafa, ya ji labarin zamanin wariya daga bakin wadda ta rayu cikinsa. Girkin dai shi ne na da. Abin da ya sauya shi ne mai magana, da kuma mai karɓar kuɗi.

Wannan ba ya nufin tsarin ba shi da illa. Baƙon da ya biya domin ya ga “rayuwa ta gaskiya” sau da yawa talauci yake nema, kuma mai masaukin da ta gyara gidanta tana iya zama a idonsa ta rage armashi. Ranar da al'ada ta koma abin da ake maimaitawa a kan lokacin da baƙo ya ga dama, ta fara zama wasan kwaikwayo, ko da a tsakar gida ake yin ta.

Sannan akwai abin da ƙungiyoyin al'adu ba su cika son faɗi ba. A ƙasar Muniyo, a gidan Bahaushe ko na Bamange, baƙo namiji iyakarsa zaure. Macen da ta shiga saukar da mazan da ba danginta ba, kafin ta ga riba ta ga tsegumi, kuma kowa ya san ma'anar da kalmar “gidan mata” ta ɗauka a bakin jama'a. Wanda ya kwaso tsarin Khayelitsha ɗungurungum ya dasa shi a Gure, mutuncin mata zai jefa cikin kasada, ba nasa ba. Abin da zai iya tsayawa shi ne ɗakin baƙi mai ƙofarsa a waje, a hannun ƙungiya, dattijuwa ce ke riƙe da mabuɗi da littafin kuɗi. Irin wannan ƙungiya ba baƙuwa ba ce: asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maradi a 1991, ya daɗe da koya wa matan karkara tara kuɗi da ba da rance.

Saura tambayar da ta fi nauyi, wato wane baƙo ake jira? Tawayen 2007, da sace ma'aikata a Arlit a 2010, da kisan Kure a 2020, sun janye Turawa daga hanyoyin ƙasar, kuma gandun Termit da Tin-Tumma da aka kafa a 2012 bai maido da su ba. Tsarin da aka ɗora a kan dawowarsu gini ne bisa tudun rairayi. Amma Gure ba ta rasa baƙi ba. Akwai ɗaliban jami'ar Damagaram masu nazarin kwarurrukan dabino da kanwa, da malaman da aka turo aiki, da ma'aikatan dashen itatuwa, da matafiya masu bin babbar hanya zuwa Diffa. Akwai kuma ɗan lakwal na Yamai da ya haddace kogunan Faransa, bai taɓa ganin yadda ake dafa mangul ba. Irin wannan baƙo ba ya bukatar a yi masa rawa. Shimfiɗa yake so, da tuwo, da wadda za ta gaya masa sunan kowane dabino da Hausa da Barbarci, a rubuta kuɗin kwanansa da sunanta.