Safiath da Kunnen Kurfai

Ranar Lahadi a kasuwar Filinge, ba sai ka yi tafiya mai nisa ba za ka ji Hausar Kurfayawa, ka ji Zabarmanci, ka ji Buzanci daga bakin masu raƙuma. A cikin harsunan nan uku Safiath take waƙa, ta ƙara da Faransanci, shi ya sa muryarta ba baƙuwa ba ce a wannan gefe na Dallol Boso.

An haife ta a Khartum a 1982, ta yi karatu a Maroko, kana ta yi suna a Yamai tare da ƙungiyar Kaidan Gaskiya, inda samari ke ta zuba rap ita kuwa tana sanyaya wuri. Salon da take yi, wato soul, baƙaƙen Amurka ne suka fito da shi daga waƙoƙin coci, amma wanda ya saba da kukan goge ba zai yi masa kallon bare ba. Takan ja baƙi ɗaya, ta lanƙwasa shi, ta riƙe numfashi har sai ka ƙosa, sannan ta sake. A nan gwanintarta take.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ta jiran uban gida. A Nijar faifai ba ya ci da mawaƙi. Yaro a rumfar cajin waya zai tura maka waƙa cikin memori da 'yan kuɗi kaɗan, ko dala ba ta kai wa mai ita. Duk da haka ba ta koma roƙo da kirarin masu kuɗi ba, ta tsaya kan zancen auren wuri da karatun 'ya mace.