Baƙo Biyu a Masallaci Ɗaya

A littafin Elnathan John, Born on a Tuesday (2015), almajiri Dantala ya samu mafaka a wani masallaci a Sakkwato. Can ya tarar da Malam Abdul-Nur, Bayarabe ɗan Ilori da ya musulunta, daga baya kuma ƙanensa Jibril ya iso.

Abotar Dantala da Jibril ce ƙashin bayan littafin. Wannan ya koya wa wancan Larabci, wancan ya koya masa Turanci. Ba wa'azi aka yi mana kan zaman tare ba, nuna mana aka yi yadda baƙo ke zama ɗan gida.

Inda na ja da marubucin shi ne Abdul-Nur. Me ya sa tsattsauran ra'ayi ya faɗo a kan tubabbe, baƙon gari? Mai karatun da dama yake zargin baƙi zai ce ga shaida.

Mu a Turba wannan ba tatsuniya ba ce. Tun 2019 'yan bindiga suke korar mutanen Isa da Sabon Birni zuwa jihar Maraɗi. Yau mu ne baƙin. Muna fatan a dube mu da idon da Dantala ya dubi Jibril.