Sojan Haya Cikin Rigar Ɗalibi

Akwai wata kalma da ke yawo a bakin malaman wasanni na makarantunmu, wato "sojan haya." Mai karatu, kada ka zaci zancen yaƙi ake yi. Sojan haya shi ne ƙaton nan da bai san ƙofar aji ba, amma ranar gasa sai ka gan shi tsaf cikin rigar makaranta, an aske masa gemu, an yanka masa katin shaida har da hoto, wai shi ma ɗalibi ne. Abin dariyar shi ne, a garuruwa irin su Gummi da Anka da Bukkuyum kowa ya san kowa. Sai ka ji 'yan kallo na raha, "Kai, wancan mai lamba tara ai ɗan kabu-kabu ne, shi ya kawo ni fili!" A yi shewa, alƙalin wasa ya hura usur, a ci gaba.

To ni ban ga abin shewa a nan ba.

Ba wai babu doka ba ne. Tun 1966 aka fara gasar jami'o'in Nijeriya, wato NUGA, a Ibadan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma ta karɓi baƙuncinta a 2001. Kwalejojin kimiyya da fasaha suna da NIPOGA, kwalejojin ilimi suna da NICEGA. Waɗannan gasanni sun shafe mu, domin kuwa 'ya'yanmu in sun gama sakandare, Gusau da Maru da Talata Mafara da Sakkwato suke dosa. Dukkansu sharaɗi guda ne a kan gaba: sai ɗalibi na haƙiƙa. Madalla. Amma da me ake gane ɗalibin? Da takarda. Wa ke bayar da takardar? Makarantar nan dai da ke kwaɗayin kofi. An ba kura ajiyar nama ke nan.

Mun kuwa ga inda ƙaryar takarda ta kai ƙasar nan. A 1989 FIFA ta dakatar da Nijeriya shekara 2 daga gasannin matasa saboda shekarun haihuwar wasu 'yan wasa sun saɓa da abin da aka rubuta a baya, aka kuma ƙwace mana karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2016 'yan wasa 26 suka faɗi gwajin ƙashi na 'yan ƙasa da shekara 17, daga nan maƙwabtanmu Nijar suka yi waje da mu. Halin nan ba a Abuja aka koye shi ba. A filin sakandare aka koye shi, gaban shugaban makaranta yana zaune cikin rumfa yana tafi.

Sai dai akwai wanda ya fi sojan haya ba ni tausayi, shi ne ɗalibin da sunansa ke cikin rajista da gaske, amma an sallama shi ga ƙwallo. Ba ya shiga aji, babu mai tambaya. Ya faɗi jarrabawa, a ɗaga shi, ko kuwa a bar shi yana maimaita aji don kada a rasa shi a gasar baɗi. Ran da gwiwa ta goce, shi ke nan, an ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Ko wasiƙa ba ya iya rubutawa.

Kada a ce ciwonmu ne mu kaɗai. A Amurka, inda wasannin jami'a suka zama kasuwar miliyoyi, wani shahararren ɗan wasa, Dexter Manley, ya tsaya gaban 'yan majalisar dattawa a 1989 ya ce ya yi shekara 4 a jami'a alhali bai iya karatu ba. Hukumarsu ta NCAA ta kafa doka a 1983, ta fara aiki a 1986, cewa wanda bai kai wani maki ba, ba zai buga wa jami'a wasa a shekararsa ta farko ba. An huta? Ina! A 2014 bincike ya tono cewa a Jami'ar North Carolina an shafe shekara 18 ana raba maki a wasu darussa na jeka-na-yi-ka, ɗalibai sama da 3,000 suka bi ta ciki, kusan rabinsu 'yan wasa. Ashe shi ma maki takarda ne, kuma mai gida ke rubuta shi.

Shi ya sa nake ja da masu cewa a kwaso dokar "ka faɗi jarrabawa ba ka ba wasa" a ɗora mana ɗungurungum. Wane yaro za a ɗora wa? Yaron da aka rufe wa makaranta a 2021 bayan sace 'yan matan Jangebe, aka sake rufewa a watan Satumba na shekarar? Yaron Bagega ko 'Yargalma da ramin zinariya ke kiransa kullum? Wallahi wani ƙwallon nan kaɗai ke riƙe da shi a makaranta. Ka hana shi fili, gobe ka tarar da shi bakin rami da diga.

Abin da na fi yarda da shi, a duba zuwa aji kafin a duba maki. Kuma mai dubawar ya zo daga waje, malamin Anka ya je Gummi, na Gummi ya je Bukkuyum, ba tare da sanarwa ba. Ya buɗe rajistar kiran suna, ya ce yaro ya kawo littattafansa, ya tambayi 'yan ajin, "Kun san wannan?" Yara ba su iya irin wannan ƙarya ba, dariya ma za ta tona su. In an kama maguɗi, a bar yaro, ai ba shi ya buga hatimi ba. A karɓe kofi, a dakatar da makarantar, wanda ya sa hannu a katin ya amsa tambaya a ma'aikatar ilimi a Gusau.

Akwai kuma wani da ba a cika tunawa da shi ba. Shi ne yaron da ya kwashe zango guda yana atisaye da yamma bayan an tashi aji, ya wanke rigarsa ya goge ta da dutsen gawayi, ya gayyato ƙannensa kallo. Ana saura minti goma a take wasa malam ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Tuɓe ka ba wannan, kai sai wani jiƙon." Ya tuɓe ya miƙa, ya koma gefe yana gadin takalman mutane.