Sauraron Alƙur'ani kafin tiyata: abin da bincike ya nuna, da inda ya gaza

Wataƙila ka taɓa cin karo da labarin nan a WhatsApp, wai kimiyya ta tabbatar sauraron karatun Alƙur'ani yana kawar da fargabar shiga tiyata. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma an ɗora wa binciken kayan da ya fi ƙarfinsa.

Fargaba ba a zuciya kaɗai take tsayawa ba. Jiki yana sakin sinadarin adrenalin, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, wani lokaci har likita ya ɗage aikin. Zikiri a natse kuwa yana sassauta numfashi. A shekarar 2001, Luciano Bernardi da abokan aikinsa sun wallafa a mujallar BMJ cewa masu jan carbin Katolika numfashinsu yakan sauka zuwa kusan sau 6 a minti, abin da ke daidaita bugun zuciya. Ba abin mamaki ba ne idan tasbihi ya yi irin wannan aikin.

Matsalar tana ga yadda aka tsara binciken sauraron Alƙur'ani, wanda akasari daga Iran, Malesiya da Indonesiya yake fitowa. Yawanci mutane kaɗan ne. An saka wa rukuni ɗaya karatu, ɗaya rukunin an bar shi zaune shiru, sannan aka miƙa wa kowa takardar tambayoyi. To tsakani da Allah, wane Musulmi ne zai gama sauraron Suratur Rahman ya rubuta cewa bai ji sauƙi ba? Ga shi kuma nazarin Cochrane na 2013, wanda ya tattara gwaji 26 da mutum 2,051, ya nuna kiɗa ma yana rage wannan fargabar. Muddin ba a gwada karatu da wani sautin daban ba, ba za a iya ware abin da karatun kansa ya yi ba.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda binciken bai taɓo ba. Ka ɗauka ma'aikaci ne daga Panshekara, inji ya kama masa hannu a Challawa, an kwantar da shi a Asibitin Ƙashi na Dala. Da asubar ranar aiki, 'yan'uwa sun iso da gorar rubutu da kunu, "ya sha ya samu ƙarfin zuciya". Idan aka kai mutum barci da abu a ciki, abin yana iya tasowa ya faɗa huhu. Curtis Mendelson ya bayyana wannan haɗarin tun 1946 a kan mata masu haihuwa a New York. Shi ya sa ake hana abinci awa 6 kafin aiki, ruwa zalla kuma awa 2. Kunu yana cikin lissafin abinci. Rubutu kuwa, da tawada da ƙaro da duk abin da malam ya haɗa, likitan barci ne zai faɗa maka ajinsa, idan ka gaya masa. Addu'a, tofi da shafawa ba sa shiga ciki, sai dai kada ruwan ya taɓa wurin da za a yanka.