Baurin Bagaruwa a Bakin Shuɗin Nilu

Daga Sinnar har Rusairis, bakin kogin Shuɗin Nilu a ƙasar Sudan cike yake da fadamun da ruwa ke kwanciya a cikinsu watanni idan kogi ya yi ambaliya, kuma bagaruwa ce ta mamaye su. Mutanen da suka bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi, gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa kusa da Sinnar, sun iske itacen da suka baro a gida. Haka ma maniyyatan ƙafa da aikin auduga ya tsayar a Jazira bayan an kammala madatsar Sinnar a 1925. Ba wanda ya koya musu amfaninta, da saninsu suka zo.

Tsintar 'ya'yan bagaruwa ko yaro ya iya. Abin da ke burge ni shi ne hannun ungozoma ko wanzamin da ke mai da su magani. Ba sa ɗaukar wadda ta kwana a laka, ko wadda ƙwaro ya huda. Sai ta bushe ƙayau a sussuka ta a turmi, a fitar da ƙwayar, domin ƙarfin yana cikin kwanso. A daka, a tankaɗe, sannan a ɗanɗana. Idan bauri ya kama harshe har baki ya bushe, to ta yi.

Wannan baurin shi ne sinadarin da masana ke kira tanin, kuma majema sun fi kowa sanin halinsa. Ɗanyar fata kwana kaɗan take yi ta ruɓe, amma idan ta sha ruwan bagaruwa sai ta zama jaka ko takalmi, ta yi shekaru. Tanin yana kama furotin ya ɗaure shi. A kan rauni ma haka yake yi: fuskar ciwon ta tsuke, jini ya tsaya, ruwa ya ƙafe, ƙwayoyin cuta kuma su rasa abin yi, tunda ya ɗaure sinadaran da suke narka abinci da su, ya kuma riƙe ƙarfen da suke buƙata don hayayyafa. Shi ya sa wanzami ke barbaɗa garin a kan kaciya, mai jego ta zauna cikin ruwan ɗuminsa, mai ciwon maƙogwaro ko dasashi ya kurkure baki da shi.

Masu bincike a cibiyar nazarin tsirran magani ta Khartum sun gwada ƙarfin bagaruwa a kan ƙwayoyin cuta. Ana shuka ƙwayar cuta a faifan gilashi, a huda rami a tsakiya, a ɗiga ruwan bagaruwa, a bar shi ya kwana cikin ɗumi. Da safe sai a ga fili fayau kewaye da ramin, inda ƙwayar ta kasa tsirowa, a auna faɗinsa. Staphylococcus aureus, mai sa maruru da mugunya, tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Masu kama da E. coli sukan fi taurin kai, saboda wata rigar waje da ke kare su.

Inda ƙwarewa ta fi fitowa kuwa shi ne awo. Ruwan wanke ciwo a kan yi shi da kauri, na sha kuma tsararo, ɗan kaɗan, na 'yan kwanaki. Yawansa yana ɗaure ciki, yana kuma hana hanji tsotsar ƙarfen abinci, abin da ke da haɗari ga mai juna biyu. Bayan yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, asibitoci da shagunan magani da yawa a Jazira da Sinnar sun tsaya, nauyi ya ƙaru a kan ungozomomi da wanzamai. Gwanar cikinsu ita ce wadda za ta dubi raunin da ya kumbura ya haɗa da zazzaɓi ta ce a nemi likita ko da nisa, ta kuma haɗa wa yaron da gudawa ta galabaitar ruwan gishiri da sukari kafin ta taɓa turmi.