Fim ɗin Lucy da tatsuniyar kashi 10 cikin 100

Idan ka kalli fim ɗin Lucy na 2014, wanda Luc Besson ya ba da umarni, ka ji Morgan Freeman a matsayin farfesa yana koyar da cewa kashi 10 cikin 100 kacal na ƙwaƙwalwarmu muke amfani da shi. Fim ɗin akwai daɗin kallo, ba musu. Amma ginshiƙin da aka ɗora labarin a kai, gaskiya babu shi a kimiyya.

Duba aikin sassan mana. Gindin ƙwaƙwalwa, inda ta haɗu da lakar baya, shi ke tafiyar da numfashi ko kana sharar barci. Sashen ƙeya ke fassara abin da ido ya gani. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙarƙashinsa ita ke daidaita tafiyarka, kuma ta fi sauran ƙwaƙwalwar gaba ɗaya yawan ƙwayoyin jijiya. To wanne ne ke zaman banza? Gaɓar da nauyinta kusan kashi 2 ne na jiki, amma take cinye kusan kashi 20 na kuzarinsa?

A 1861 Paul Broca, likita ɗan Faransa, ya duba wani majiyyaci da kalma ɗaya ta rage a bakinsa: "tan". Bayan rasuwarsa aka ga lahani a gaban ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwarsa. Duk wanda ya yi jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san yadda ɗan ƙaramin lahani ke ɗauke magana ko hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne masu tallar maganin "buɗe ƙwaƙwalwa" a intanet, waɗanda wannan tatsuniya ta ba hujja kyauta, kuma ɗalibai masu fuskantar jarrabawa suke hari.